Hotunan da Ke Bayan Hoton Shugaba

Samarin da ke buga hoto a kan leda a bakin tashar Tambuwal sukan tsaya ƙofar shagona su tsokane ni. "Baba Altine, wai mi ne abin wahala ga sa hoto cikin firam? Katako huɗu da gilashi, sai ƙusa." Ba na jin haushinsu. Amma idona ya fara rauni, kuma ban ga wanda zai karɓi sana'ar nan daga hannuna ba, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani, ko wani zai karanta ya kiyaye. Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda ji na yi zan ce ji na yi, don kada in ɗauki alhakin kowa.

Aikin farko da maigidana Malam Sahabi ya yarda na taɓa shi ne goge gilashi. Na daɗe a kansa har na fara zaton ya manta da ni. Toka mai laushi ake sawa da tsohuwar jarida, a goge ciki da waje, sannan a ɗaga shi a duba ta gefe, domin dattin da ba ka gani ta gaba ta gefe yake fitowa. Ƙwayar ƙasa ɗaya in ta maƙale daidai idon mutumin da ke cikin hoton, ka rufe ka buga ƙusa, to ka ba shi hakiya ke nan har ranar da za a sauke shi. Bayan haka aka koya mini yanka. Alƙalamin yankan gilashi sau ɗaya ake jan sa. In ka ja, shakka ta kama ka, ka sake bi ta kai, gilashin zai tsage inda ya ga dama. Ni kuwa mutum ne mai shakka, don haka na yi ɓarnar gilashi ba kaɗan ba. Daga baya na mayar da duk shakkata wajen awo. In auna, in sake aunawa, in tashi in sha ruwa, in dawo in auna. Har yau haka nake. Na taɓa zuwa wajen wani malami na tambaye shi hukuncin sana'ar, tun da hotunan mutane muke taɓawa. Ya ce ba ni na zana fuskar ba, katako da gilashi ne nawa. Na ji, amma har yanzu in na gama firam sai na yi istigfari.

Muna yi wa angwaye, da alhazan da suka dawo, da masu takardar gama makaranta. Amma abin da ya riƙe shagon shi ne hoton shugabanni. Malam Sahabi bai damu da rediyo ba, yakan ce daga odar firam yake gane irin mulkin da ake ciki. Na sarauta, mai odar ba ya gaggawa, katakon maɗaci yake so, domin ya san hoton zai zauna har mai shi ya koma ga Allah. Na farar hula uku-uku suke zuwa, na shugaban ƙasa da na gwamna da na ciyaman, kowanne a shafa masa ruwan zinariya, kuma ba a rasa rigima a kan wanda zai fi wani tsawo a bango. Na soja kuwa baƙi ne, babba, ba ado, kuma ba a ce wa wanda ya kawo shi ya dawo gobe.

Wani malamin sakandare mai suna Malam Ladan ya taɓa kawo mana hotuna da ya yanko daga tsofaffin littattafai da kalanda, yana so a jera su a bangon aji don ɗalibai su ga irin mulkin da duniya ta yi. Muna aiki yana zaune a kan benci yana yi mana bayani. Wannan ƙasa sarki gado yake yi, kuma maganarsa ita ce doka. Waccan suna da sarauniya amma majalisa ke mulki, ita sai gaisuwa. Wata jam'iyya ɗaya ce tak, ana zaɓe amma mutum ɗaya ke tsayawa, hotonsa har cikin ɗakunan mutane. Wata kuma attajirai 'yan kaɗan ne suka riƙe gari a tsakaninsu. Ga kuma baƙin da suka zo daga ƙetare suka mallake ƙasar wasu, irin yadda aka yi mana. Akwai zane ɗaya da ba shugaba a ciki, mutanen wani tsohon birni ne a ƙasar Girka sun taru a fili suna ɗaga hannu.

Malam Sahabi ya daɗe yana kallon wannan. Ya ce, "To su wanga, hoton wa sunka rataya ga ofis?"

"Ba su da shi," in ji Malam Ladan. "Su duka ne gwamnatin."

"Ashe da can muke, da yunwa ta kashe mu."

Ni aka bari da awon hotunan. A nan na lura da wani abu: da sarkin, da sojan, da na jam'iyyar, duk masu ɗaukar hoton wuri ɗaya suke ajiye musu idanu a jikin takarda, ƙirji gaba, kai tsaye, kamar mutum ɗaya ne ya zaunar da su.

Yanzu ga abin da nake so samari su sani. A ofisoshinmu ba a jefar da hoton shugaban da ya sauka. Ba a yaga shi, ba a ƙona shi, domin ba ka san wanda ke kallonka ba, kuma ba ka san wanda zai dawo ba. Mun ga wanda ya sauka da kaki ya dawo da babbar riga. Ba kuma a kai shi juji, kada gobe a ga mai tsire ya naɗe nama da fuskarsa. Saboda haka a cikin firam ake barin sa, a bayan sabon. Amma akwai yadda ake yi. Ƙa'idar Malam Sahabi ita ce a juya tsohon, fuskarsa ta kalli bango, a sa kwali mai kauri tsakaninsa da sabon. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Wanda yas sauka ba shi kallon jama'a ta bayan wani." Sannan ya ƙara da cewa tawada tana bin takarda in damina ta yi. Na riƙe dalilan biyu, ban san wanda ya fi nauyi a wurinsa ba.

Shekarar da ta fi muni a sana'ata ita ce wadda wasu sojoji suka karɓi mulki daga hannun wasu sojojin. A lokacin Malam Sahabi ya rasu, shagon yana hannuna. Gilashi ya yi wuya har muna ciro na tsofaffin tagogi muna yankawa. Ana yi wa mutane bulala a bainar jama'a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na ji an ce an kulle wani ma'aikaci don an tarar hoton shugaba ya karkace a ofishinsa. Wannan ji na yi, ban gani ba, amma kowa ya yarda da shi, kuma a lokacin yardar ita ce abin tsoro.

Cikin daminar shekarar, da hantsi, Ɗan'ige ya faɗo shagona. Taubashina ne, ɗan kawuna, masinja a wani ƙaramin ofishin gwamnati a Kebbe wanda ba zan faɗi sunansa ba. Ya kusa ritaya, kuma duk gidansa, da 'ya'yansa da na ƙanensa da ya rasu, fanshon nan suke jira. Wandonsa taɓo har gwiwa.

Ya ce, "Altine, taso. Na mutu."

"Ka mutu kuma ka taho da ƙafarka? Ku mutanen Kebbe ko mutuwa ba ku iya ba."

"Bar wasa, taubashi. Hoton ofis ne. Wani ya fito ciki."

"Wa yaf fito?"

"Shi nika son ka zo ka gaya min."

Da ƙyar na haɗa maganarsa. Gara ta kama bayan firam ɗin ofis. Shi kuwa ya yi abin da kowa ke yi wa gara a gida: ya haɗa kananzir da ɗan man inji ya tsiyaya ta bayan, ya mayar ya rataye. Da gari ya waye hoton ya sauya. Ga shi kuma an aiko cewa wani babban hafsa daga Sakkwato yana rangadi, gobe zai tsaya Kebbe. Wani hoton sai Sakkwato, kuma ruwa ya cinye hanya a wurare, wanda ya tafi ba zai dawo kan lokaci ba.

Na naɗe gilashi da tsohon bargo, na ɗauki guduma da filaya da ƙananan ƙusoshi da kwali. Muka shiga a-kori-kura, gilashin a kan cinyata, duk ramin da muka faɗa sai na shafa shi ta cikin bargon in ji ko yana nan lafiya.

Ofishin ɗaki ne mai taga ɗaya, yana warin kananzir da danshi. Akawun yana tsaye a waje, ya ƙi shiga. Ya ce tun safe ma'aikata suka kwashe teburansu suka koma baranda. Na shiga na ɗaga kai.

Zan faɗi abin da na gani kawai. Hular soja tana nan a sama, amma a cikinta akwai inuwar doguwar hula irin ta manyan 'yan siyasa, sama da ita kuma wasu tsinaye kamar na kambi. A wuya, tsakanin lambobin yabo, ana hango jerin duwatsun ado irin na mata. Haɓar tana da gemu kuma ba ta da shi. Bakin, in ka tsaya ta dama murmushi yake, in ka koma hagu a ɗaure yake. Ba tsoho ba ne, ba yaro ba, ba zan iya rantsewa namiji ne ko mace ba. Idanun su ne abin. Duk sun hau kan juna wuri ɗaya, sun yi baƙi, sun yi zurfi, ba ka ganin farinsu. Na matsa wajen taga, suna kaina. Na koma ƙofa, suna kaina. Na san hoto kan yi haka, na sha gani. Amma ban taɓa ganin wanda ya yi shi da nauyi irin wannan ba.

"Ka san shi?" in ji Ɗan'ige daga bakin ƙofa.

"Ban san shi ba."

"Akawu ya ce shina kama da wani alƙali da yas sani. Mai shara ya ce ubanai ne. Ni kuwa duk sadda nid dube shi sai in ga kamar na taɓa durƙusa mai."

Muka sauke shi muka kifa a kan tebur. Firam ɗin tun na zamanin En'e ne, maɗaci, aiki mai kyau, amma ba a taɓa kai shi wajen mai sana'a ba. Duk lokacin da gwamnati ta sauya, masinjan lokacin sai ya lanƙwasa ƙusoshi, ya zura sabon hoto a gaba, ya mayar. Aiki mai sauƙi. Ba wanda ya juya kowa, ba kwali a tsakani. Tun daga sarauniyar Turawa har zuwa sojan da ke kai, duk suna jere suna kallon gaba, kowa ta ƙeyar wani. Mai ya ratsa takardun ya mai da su shara-shara, danshi kuma ya manne su sun zama kamar fata guda.

Na gwada kusurwa da reza. Ta tafi da ɗan yanki daga kafaɗar na saman. Na tsaya. Na gwada shanya shi a baranda, rana ba ta fito ba. Na sa jarida sama da ƙasa muka bi da dutsen guga mai ɗumi, man ya ɗan fito a jarida, amma fuskar sai ƙara fitowa ta yi, kamar mun wanke ta.

Akawun ya leƙo ya ce, "A bar bango haka nan, mu ce an kai gyara."

Ɗan'ige ya ce, "Ranka shi daɗe, bango ba hoto? Cewa za su yi mun sauke shugaba. Kuma in anka tambayi wa ka kula da shi, sunan wa za ka faɗi?"

Dukanmu mun san amsar. In bango ya zauna wayam, Ɗan'ige ne. In aka rataye aka ga abin da ke ciki, Ɗan'ige ne. Bulala da kurkuku, sannan kora, fansho ya tafi.

Abu ɗaya ya rage a cikin sana'ata. Gilashi yana ɓoye abin da ke bayansa in haske ya bugo shi daidai. Washegari da safe na sa sabon gilashin da na zo da shi, na goge shi fiye da yadda na taɓa goge wani, na kuma sa sabon kwali a bayan da gara ta ci. Na ɗaga firam ɗin sama, na cusa ɗan katako a bayansa ya karkato wajen taga. Na sa Ɗan'ige ya tsaya ƙofa, ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya zauna kujerar baƙo. Ko'ina ya tsaya, hasken taga kawai yake gani da hular soja a sama.

Ya ce, "Kai, ashe kana da amfani. Goggo ba ta yi asara ba."

Na ce, "Yi shiru. In hadari ya taso fa?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

Ban gama tattara kayana ba muka ji jiniya. Ba hanyar fita, sai na raɓe a kusurwa da akwatina. Kuma a daidai lokacin hadarin ya taso daga gabas. Ina kallon hasken taga yana janyewa daga gilashin kamar ana yaye mayafi, tun daga hula har zuwa wuya. Kafin takalmansu su hau baranda, fuskar tana nan tsaf, ta fi jiya fitowa.

Hafsan dogo ne, da 'yar sanda a hammata, sojoji biyu a bayansa. Akawun ya fara jawabin maraba. Hafsan bai saurare shi ba. Ya taka har tsakiyar ɗakin ya ɗaga kai. Ya tsaya. Ba mai motsi. Ina jin ɗigon ruwa na farko a kan kwano, ina kuma jin numfashin Ɗan'ige a gefena kamar na ragon da aka kayar.

Sai hafsan ya haɗa ƙafa ya ƙame, ya sara wa hoton. Sojojin bayansa suka yi yadda ya yi.

Ya juyo ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?"

Na ga bakin akawun ya fara buɗewa yana duban Ɗan'ige. Na ce, "Ranka shi daɗe, gilashin da kwalin baya ni na sa." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma gaskiya ne.

Ya ce, "Duk rangadin nan ban ga hoton Oga da ya fito da shi kamar wannan ba. Sauran duk ba su da kwarjini. Wannan shi ne shi." Ya sake ɗaga kai ya daɗe. Sannan ya nuna da sandarsa. "A sauke, a sa a mota. Bai dace da ƙauye ba. Za a aiko muku da wani."

Ɗan'ige ne ya hau kujera ya sauke shi. Na ba da bargona aka naɗe shi don ruwa. Hafsan ya tambayi wa ke kula da tsabtar ofishin, aka nuna Ɗan'ige, ya dafa kafaɗarsa ya ce a ci gaba da haka. Motocin suka tafi cikin ruwa. Ɗan'ige ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Ban tsokane shi ba, shi ma bai tsokane ni ba.

Da sabon hoton ya iso aka kawo mini Tambuwal na yi masa firam, shi kaɗai, da kwali biyu a bayansa. Ɗan'ige ya ƙarasa aikinsa lafiya ya yi ritaya.

Bayan shekaru, mulki ya koma hannun farar hula, aka kira 'yan fansho Sakkwato don tantancewa, wanda bai je ba a cire sunansa. Ƙafar Ɗan'ige ta fara ciwo, sai na raka shi. Aka shigar da mu wani babban ɗaki muka zauna a benci muna jiran layi. Yana ta tsokanata kan geron gonata da ya ce ko tsuntsu ba ya ci, sai ya katse maganar. Na ji hannunsa ya kama gwiwata, ya matse.

Ya ce a hankali, "Altine. Kada ka ɗaga kai."

"Mi ne ne?"

"Na ce kada ka ɗaga."

Ban ɗaga ba, don na san abin da ake ratayewa a bangon ofis, na kuma san garin da hafsan nan ya fito. Na zuba ido kan silifas ɗina har aka kira sunansa. Na riƙe shi muka je gaban tebur, kanmu a sunkuye kamar masu gaisuwa a fada, aka duba shi aka ce ya wuce. Muka fita da baya-baya har ƙofa. A mota na tambaye shi abin da ya gani, ya ce yunwa yake ji, in saya masa rogo. Har ya rasu bai gaya mini ba, ni kuma ban sake komawa ɗakin ba.